Baba Ba Ya Sayen Bugun Farko

Zuwansu na uku ke nan shagon kwamfutocin da ke hawa na biyu, kuma tun daga matakala Waƙafi ta san yau ma hannu rabbana za su koma. Daga tafiyar Baba ta gane. Ranar da ya yi niyyar sayen abu da sauri yake tafiya, hannu dafe da aljihu. Yau kuwa yana hawa yana tsayawa, yana shafa ƙarfen matakala kamar mai duba ko an goge ƙura.

Waƙafi ba sunanta na yanka ba ne. Baba ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama, wai don ba ta iya kai magana ƙarshe sai ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kurakurai a gidan buga littattafai, to mutum irin wannan in zai sa wa 'yarsa laƙabi daga ina zai ɗauko? Shi ma a wurin aiki ba mai kiransa da sunansa, Jan Biro ake ce masa.

Mai shagon, wani kakkauran mutum mai yawan raha, ya taso daga bayan kanta yana murmushi.

"Baba, sannu da zuwa. Yau da ita za a tafi, ko gaishe ta aka zo yi?"

"Gaishe ta muka zo yi. Ya ta kwana?"

"Ta kwana tana cigiyarka."

Kwamfutar cinya ce mai launin toka, tana nan a kan teburin gilashi inda suka fara ganinta wata bakwai da suka wuce. Kusa da ita an ajiye sabuwar fita, siririya, baƙa, sai sheƙi take yi.

Littafi ne ya kawo Baba wannan shago. Littattafan rubutu goma sha ɗaya ne masu baƙin bango, a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, tarihin rayuwarsa tun daga yarinta. Kafin a haifi Waƙafi ya fara rubuta su, kuma da fensir, don a cewarsa biro na aikin mutane ne, nasa bai gama ba. Ta taɓa leƙa ɗaya yana wanka. Ba ta iya karanta ko layi biyu a jere ba. Kowane shafi cike yake da kibiyoyi da da'irori da lambobi, an goge an sake rubutu a kan gogewar, wata jimlar ta faro a tsakiya ta haura gefe ta ɓace. Shi kaɗai ya san hanyar cikin wannan daji.

Na bakwai ne ya dame ta. Labarin Mama na cikinsa. Waƙafi na da shekara biyar Mama ta rasu, abin da ta iya riƙewa kawai ƙamshin sabulu a hannu da wani koren ɗankwali. Baba ba ya maganarta. In ta tambaya sai ya ce, "Tana cikin na bakwai. In na buga za ki karanta."

A ba masu buga rubutu su buga masa? "Shekara talatin ina share ɓarnarsu, sannan in miƙa musu nawa?" A waya fa? "Wannan abin da yatsa ɗaya ke danna harafi uku?" Da hannunsa zai buga, a kan kwamfutarsa, idan lokaci ya yi. Daga kuɗin sallamarsa na aiki ma ya ware wani abu a ambulan domin haka.

Likitar ido ce ta sa lokacin ya yi. Hawan jinin ido, in ji ta. Gani zai riƙa tsukewa daga gefe kamar mai leƙe ta bututu, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa gudun kawai yake ragewa. Da za su fita ta ce masa, "Baba, in akwai abin da kake son karantawa, ka karanta shi bana."

Washegari ya saka ambulan a aljihu suka zo shagon nan. Wannan shi ne zuwan farko, kuma shi ne wanda Waƙafi ba ta son tunawa. Baba ya ɗaga mai launin tokar, ya danna madannanta yana kasa kunne, ya ce suna da sauti mai kyau. Mai shago har ya ɗauko kwali. Sai Baba ya juyo ya ce, "Waƙafi, ke me kika gani?"

Ita a laburaren wata makaranta take aiki, kuma ba ta shan ko maganin ciwon kai sai ta karanta takardar cikin kwalin gaba da baya. Tun a asibiti ta fara karatu a kan kwamfutoci a wayarta, ta karanta ra'ayin mutum ya fi ɗari. Ga shi Baba bai cika tambayarta ra'ayi ba. Sai ta ce, "Na karanta cewa, wai, akwai sabuwa da za ta fito nan da wata biyu. An ce fuskarta ba ta gajiyar da ido."

Baba ya cire hannu daga aljihu. "Kin ji amfanin karatu," ya ce. Har yau tana tuna daɗin da ta ji.

Wata biyu ya zama wata biyar. Da sabuwar ta iso suka koma, zuwa na biyu. Baba ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye.

"Yaushe ta fito?"

"Ko sati uku ba ta yi ba, Baba. Da ɗuminta."

"To bugun farko ce. Ni ba na sayen bugun farko. Duk littafin da ya fito daga inji karon farko akwai kuskure a ciki, ko waye ya duba shi, ko ni ne. Sai mutane sun saya sun yi ƙorafi a gyara a bugu na biyu. Bari wasu su gano mana kurakuran."

"Baba, kwamfuta ce fa, ba littafi ba."

"Mutum ne ya yi ta ko aljani?"

Mai shago ya yi dariya ya ce mutum ne. Suka tafi.

Yau ga su karo na uku. Mai shago ya ce ya sayar da sabuwar ta fi ashirin, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Baba ya ce a ba shi takardar bayaninta ya duba. Mai shago ya zaro takarda daga tarin da ke kan kanta ya miƙa masa, hankalinsa na kan wani mai saye da ya shigo. Baba ya gyara tabarau, ya riƙe takardar, ya ɗan jima yana gyaɗa kai.

"Ba laifi," ya ce. "Amma na ji ana cewa ƙarshen shekara akwai wata."

Waƙafi na tsaye a kafaɗarsa. Takardar ba ta kwamfuta ba ce, ta injin gurza takardu ce, ga hoton injin nan ƙato a sama. Wannan mutumin da yake hango ɗigon da ya ɓace daga ɗaya gefen tebur, wanda ya taɓa mayar da takardar gayyatar auren yayanta gidan bugu saboda harafi ɗaya. Ta dubi idonsa. Ba ya bin layi, a wuri ɗaya yake tsaye.

Mai shago ya juyo, ya ga takardar, ya buɗe baki. Sai ya dubi Waƙafi, ya rufe. Ya karɓi takardar a hankali ya mayar cikin tarin.

"Allah ya kai mu ƙarshen shekarar, Baba," ya ce, kuma wannan karon bai yi raha ba.

A gida Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe Waƙafi tun bayan rasuwar Mama, tana zaune a bakin ƙofar kicin tana gyaran wake. Ta dubi hannayensu.

"An sake ɗaga bikin ke nan?"

"Yaya, ke me kika sani game da kwamfuta?"

"Na san ba ta zuwa da ƙafarta. Kai tun kana yaro haka kake. Takalmin da aka saya maka ajiye shi ka yi sai titi ya gyaru, ka zo sakawa ƙafa ta fi shi."

Baba ya yi tsaki na wasa ya shige ɗakinsa, hannunsa na bin bango. Waƙafi ta tsuguna kusa da Gwaggo ta ɗebi wake ita ma, ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya.

"Gwaggo, idon Baba, kina ganin..."

"Yau kika gani?" Gwaggo ba ta ɗago ba. "Wata biyu ke nan ina janye kujeru daga hanyarsa. Shayi a gefen kofi yake zubawa, in goge kafin ki fito. Jaridar da yake riƙewa da safe, rediyo ya gama faɗa masa abin da ke ciki. Ke kina karatu, ni ina kallo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ya roƙe ni. Ƙanena ne, bai taɓa roƙona komai ba sai wannan."

Da la'asar Waƙafi ta same shi zaune a bakin gado, taga a buɗe, akwatin ƙarfen a gaban ƙafarsa ba a buɗe ba. Ta zauna a ƙasa. Ta shirya maganar tun a kicin, ta maimaita ta a zuci sau biyar, amma da ta buɗe baki rabi ne ya fito.

"Baba, takardar nan ta shago, ba ta kwamfuta..."

A waje wani mai gyaran babur yana ta buga ƙarfe.

"Ta mece ce?"

"Ta injin gurza takardu."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kuma na ce ba laifi."

"Ka ce ba laifi."

"Rabona da ganin fensir wata biyu ke nan, Waƙafi. Bugun inji ma sai in ga baƙi-baƙi kamar tururuwa sun taru. Ranar da muka je karo na biyu ina gani kaɗan-kaɗan, maganar bugun farko da gaske na yi ta, kin san halina. Ta yau kuwa ƙarya ce." Ya taɓa akwatin da ƙafa. "In na sayo ta na ajiye a kan tebur, ke da Yaya za ku tsaya ku ga na fara. Muddin ina jira, littafin yana nan."

"Ni ce na ce a jira. Ranar nan har an ɗauko kwali, da ban yi magana ba, da yanzu..."

"Ke abin da kika karanta kika faɗa. Ni kuma na ji abin da nake son ji. Shekara nawa ina gyara shi? Kina tsammanin wata biyu ne suka ɓata mini?"

Ta san yana so ne ya sauke mata nauyi, kuma nauyin bai sauka ba. Wata biyar yana gani. Wata biyar, ga mutumin da yake buga shafi goma kafin shayinsa ya huce. Da na bakwai aka fara, da tuni an gama shi.

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro ambulan, gefensa duk ya lanƙwashe saboda yawon aljihu. Ya miƙa shi ɗan nesa da inda take, ta matsa ta karɓa.

"Je ki sayo. Kada ki karanta komai a hanya."

Mai shago na shirin rufewa ta isa. Bai tambayi ina Baba ba.

"Wacce, ƙanwata? Tsohuwar ko sabuwar?"

"Wadda ta fi kusa da hannunka."

Mai launin tokar ce ta fi kusa. Ya goge mata ƙura, ya saka a kwali, ya nuna mata yadda ake ƙara girman haruffa, da yadda ake sa ta karanta rubutu da murya. "Tana karanta duk abin da aka buga a cikinta," ya ce. Waƙafi ta gode masa. Ba ta gaya masa cewa abin da suke so a karanta ba ya cikinta ba.

Da safe, lokacin da haske ya fi ƙarfi a ɗakin Baba, suka jawo tebur bakin taga. Ta kunna kwamfutar. Ya sa hannu ya danna madannai biyu uku, ya saurara.

"Ita ce ta farkon?"

"Ita ce."

"Sautin bai canza ba."

Ya ƙirga littattafan da yatsa daga sama, ya zaro na bakwai ya miƙa mata. Ta buɗe. Shekara goma sha tara tana jiran wannan shafi.

"Ke ce idona, ni ne hanya," ya ce. "Karanta abin da kika gani, in kin zo kan alama ki kwatanta mini."

Ta karanta a hankali. "Ranar da na fara ganinta, ta zo ne da takarda a gyara mata, ta tsaya a bakin ƙofa. Daga nan akwai kibiya, Baba."

"Mai ƙugiya ko miƙaƙƙiya?"

"Mene ne bambancin?"

"Mai ƙugiya, ɗauko daga gefen shafi. Miƙaƙƙiya, tsallake zuwa shafi na gaba."

Ta kusanto da littafin ga fuskarta. Fensirin ya dushe, bakin kibiyar ya goge. "Kamar mai ƙugiya. Ko kuma, ban sani ba, wataƙila takardar ce ta lanƙwashe."

"Duba gefen."

A gefe akwai jimla uku, ɗaya bisa ɗaya. An soke biyu, ta ukun an goge ta da roba an bar inuwarta. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗanda aka soke akwai ɗige-ɗige.

"Ɗige-ɗige na nufin na fasa sokewar, a bar ta. A ƙarƙashin wacce suke?"

"Tsakaninsu suke, Baba. Za su iya zama na ta sama, za su iya zama na ta ƙasa."

"Karanto su duka."

Ta sama ta ce matar ta yi masa dariya. Ta ƙasa ta ce ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya daɗe yana murza goshi.

"Wuce," ya ce. "Za mu dawo."

Gaba kaɗan akwai da'ira, a ciki an rubuta huɗu da sittin da biyu. Wannan ya sani, littafi na huɗu, shafi na sittin da biyu, can sauran labarin yake. Sai dai bai taɓa sa wa shafukan lamba ba, da ido yake gane su, wannan mai tabon shayi, wancan mai yagaggen kunne. Ta ɗauko na huɗu ta ƙirga sittin da biyu, ta tarar da labarin ranar da injin yanka takarda ya lalace. Ta ƙirga daga baya, ta tarar da rasuwar kakansa. Sai ya tuna akwai shekarar da ya yage wasu shafuka daga na huɗu, bai san guda nawa ba.

Gwaggo ta leƙo da kofin shayi biyu. "Marubuta, an kai shafi nawa?"

Ta ajiye kofunan nesa da littattafan, ta kama hannun Baba ta ɗora a kan kofinsa, ta fita.

Waƙafi ta rufe na huɗu. "Baba, mu bar littafin. Ka faɗa mini da ka, ni in buga. Kai ka rubuta, ai ka sani."

"Na rubuta ne don in daina ɗauka a ka. Nan na sauke ta." Ya dafa na bakwai. "Duk daidaitacciyar maganar tana ciki. Abin da ya rage a kaina gutsattsari ne, kuma ban san wanne ne ya faru, wanne ne na gyara ba."

"Ko gutsattsarin ne. Ko koren ɗankwalin nan nata, ka fara da shi."

Ya juyo da fuska wajen muryarta. "Kore?"

"Kore, mai ɗan fari a baki."

"Ban san ta da kore ba. Ba ta son kore." Ya gyara tabarau. "Ko na Yaya ne kike tunawa? Yaya ta yi wani kore lokacin da ta dawo gidan nan." Sai ya ƙara da sauri, "Ko ni ne na manta. Na rubuta kayanta duka, akwai shafi guda a kan haka, wajen tsakiya. Za mu kai wurin."

Ta duba kaurin littafin. Shafi ya kusa ɗari biyu. Ta duba fuskar kwamfutar. Rana ta kusa tsakiya, abin da suka samu layi ɗaya da rabi.

"Karanta mini abin da muka buga," ya ce.

Ta karanta. "Ranar da na fara ganinta, ta zo ne da takarda a gyara mata, ta tsaya a bakin ƙofa."

"Sake."

Ta sake.

"Babu kuskure?"

"Babu."

Ta tuna abin da mai shago ya nuna mata. Ta ƙara girman haruffan, ta ƙara, ta ƙara, har kalma ɗaya ta cika fuskar kwamfutar, ta juyo da ita gabansa. Baba ya sunkuyo, ya cire tabarau, ya mayar. Idonsa ya sauka ɗan gefe da inda kalmar take.

"Haskenta ba laifi," ya ce. "Ba ya gajiyar da ido."

Ya koma ya jingina da bango, ya jawo na bakwai ya ɗora a cinya a buɗe. A kicin Gwaggo na kwankwasa tukunya, alamar abinci ya sauka. Waƙafi ta ga babban yatsansa yana shafa shafin a hankali, gaba da baya, gaba da baya, daidai kan jimlolin nan na gefe. Fensirin yana bin yatsan, wurin yana komawa toka-toka.

"Baba," ta ce, "yatsanka yana..."

"Na'am?"

Ta dubi fuskarsa. Rabon da ta gan ta a sake haka tun kafin zuwa wurin likita.

"Ba komai," ta ce.

Yatsan ya ci gaba da tafiya.